An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Me Ke Rage wa Injin Wankin Kafet Ƙarfi a Keffi?

A Keffi har yanzu wankin kafet bai gama zama sana'a mai cin gashin kanta ba. A gindin wankin mota yake zaune. Wanda ya wanke maka mota da safe shi ne zai karɓi dardumar falonka da rana, ya shimfiɗa ta a kan siminti, ya watsa mata omo, ya goga da buroshi, sannan ya ɗauraye ta da injin da ya wanke tayoyi da shi. Kasuwar kuwa tana ta buɗewa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, aka kuma kafa jami'ar jiha a garin a farkon shekarun 2000, ga ma'aikatan Abuja da tsadar haya ta turo su ta Mararaba da Masaka har suka iso nan, sai otal-otal da ɗakunan biki da ofisoshi suka yawaita. Kowannensu akwai shimfiɗa a ƙasa. Ga masallatai, ga ɗakunan amare. Idan azumi ya kai goman ƙarshe, ko ana jajibirin babbar salla, aiki yakan fi ƙarfin masu yin sa.

A irin wannan lokacin ne kuma yaron shago yake zuwa ya ce, "Oga, injin nan fa ba ya ja." Maigida ya zo ya danna kunamar bindigar feshi, ya ga ruwan da jiya yake fita da huci yau yana zuba salalo-salalo. Hukunci ɗaya ake yankewa nan take: famfo ya mutu. Sai a fara lissafin kuɗin sabon kan famfo da kuɗin motar zuwa Abuja. A ganina wannan gaggawar ita ce ta fi cin kuɗin masu sana'ar, domin a mafi yawan lokuta famfon lafiyarsa ƙalau. Ko dai ba a ba shi ruwan da ya ishe shi ba, ko abin da ke juya shi ya gaza, ko kuma wani ɗan ƙarfe da bai kai kan yatsa ba ya cinye a can bakin bindiga.

Injuna iri biyu ne a hannun mutanenmu, kuma rikita su yana jawo gardamar da ba ta da tushe. Na farko shi ne na wankin mota, wanda yawanci ɗan injin fetur mai ƙarfin doki biyar da rabi zuwa shida da rabi yake juya shi, irin ƙirar Honda GX160 da GX200 da tarin 'yan kwaikwayonsu na ƙasar Sin. Wannan yana feshi da matsin da ya kai bar 100 zuwa 200. Na biyu shi ne ainihin injin kafet, mai tanki biyu, wanda yake fesa ruwan sabulu cikin shimfiɗar ya kuma zuƙe shi da dattin a lokaci guda. Shi ake shiga da shi otal ko masallaci inda kafet yake manne da daɓe. Ƙananan irinsa, kamar Puzzi na kamfanin Kärcher na Jamus, feshinsu bai wuce bar 1 ko 2 ba tun daga masana'anta. Manyan da ƙwararru suke amfani da su a Amurka suna aiki tsakanin psi 200 zuwa 500, wato bar 14 zuwa 35, tunda bar ɗaya psi 14.5 ne. Saboda haka wanda ya saba da injin wankin mota, ranar da ya fara riƙe injin kafet zai rantse cewa an sayar masa da matacce. Kafin mutum ya ce ƙarfi ya ragu, ya duba farantin da ke jikin injin ya ga nawa aka rubuta.

Daga nan sai abin da ya fi muhimmanci, wanda makanikai da yawa ma ba su tsaya sun yi tunaninsa ba. Famfo ba ya ƙera matsi. Aikinsa tura wani adadi na ruwa a kowane juyi, shi ke nan. Matsin yana samuwa ne saboda an tilasta wa ruwan fita ta 'yar ƙaramar kafa. Duk yaron da ya taɓa toshe rabin bakin tiyo da babban yatsa don ruwa ya yi nisa ya san wannan, ko da bai san ya sani ba. Ke nan abu biyu ne kacal suke iya rage ƙarfin feshi: ko ruwan da ke isowa bakin ya ragu, ko kafar fitarsa ta ƙara faɗi. Lissafin kuma ba ya tafiya ɗaya bisa ɗaya. Idan ruwan ya ragu da kashi 10 cikin 100, matsin zai faɗi da kusan kashi 19. Idan faɗin hujin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, abin da ido ba zai gani ba, matsin zai zube da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin gyaran.

To mene ne yake cinye hujin? Yashi. A nan ne maganar ta dawo kan ruwan Keffi.

Ruwan famfon gwamnati da ake turowa daga matatar kogin Mada ba kowace unguwa yake kaiwa ba, kuma ba mai wankin da zai jingina sana'arsa da shi kaɗai. Abin dogaro shi ne rijiyar burtsatse, da rijiyar gida, da 'yan garuwa masu tura jarkoki a kura, wasu ma har da ruwan rafi ga waɗanda suke kusa da Antau. Kowanne da irin cutarsa. Na burtsatse yakan zo da lallausan rairayi mai ƙyalli wanda sai ya kwanta a gindin bokiti ake ganinsa. Na rijiya a bazara, in ruwa ya ja baya, rabinsa laka ne. Da damina kuma komai ja yake zuwa. A hunturu ƙura ce take sauka cikin durom ɗin da aka bari a buɗe. Duk wannan yana bi ta cikin famfo da gudu, yana goge robobi, yana maƙalewa a ƙarƙashin bawul, yana kuma rarake bakin feshi a hankali, musamman na tagulla wanda ya fi na baƙin ƙarfe laushi.

Akwai 'yar rariya a mashigar ruwan kowane inji da aka sa domin wannan. Abin takaici, idan ta toshe, maimakon a wanke ta a mayar, sai a cire ta a jefar a ce tana hana ruwa wucewa. Ranar injin zai yi feshi kamar sabo, kowa ya yaba wa wanda ya kawo dabarar. Bayan 'yan makonni sai a sayi kan famfo.

Yawan ruwan ma abin dubawa ne. Matsakaicin injin wankin mota yana shan kamar lita 12 a minti ɗaya. Jarka mai lita 25 minti biyu ce a wurinsa, durom mai lita 200 kuma bai kai minti ashirin ba. Idan tiyon da ke kawo masa ruwa siriri ne, ko ya yi tsawo, ko ya lanƙwashe a bayan durom, ko ya yi laushi da zafin rana har yana shafewa in an zuƙa, famfon zai nemi lita 12 ya samu 8. Gwajin wannan ba ya buƙatar makanike. A zare tiyon daga jikin inji a sa shi a bokitin fenti mai lita 20 a duba agogo. In bai cika cikin daƙiƙa 100 ba, to ba a ba injin haƙƙinsa ba, kuma ba shi da laifi. Ƙananan famfunan da suke manne kai tsaye da injin fetur, masu juyi sama da 3,000 a minti, ba su da ƙarfin zuƙo ruwa daga ƙasa. Suna son ruwa ya gangaro musu. Ɗora tanki a kan bulo huɗu ko biyar ya magance matsalar da wani ya kashe dubbai a kanta.

Famfon da ke fama da ƙarancin ruwa yana faɗa da bakinsa. Za a ji yana ƙwanƙwasa, tiyon feshi yana karkarwa a ƙasa, allurar gejin auna matsi tana rawa. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, tsananin zuƙa yana sa ruwa ya riƙa rikiɗa zuwa ƙananan ƙwayoyin tururi ko da sanyi gare shi, su kuma su fashe da ƙarfi da zarar fistin ya dawo. Fashewar nan tana sassaƙe ƙarfe. Wanda ya buɗe irin wannan famfon zai ga cikinsa ya yi ƙananan ramuka. Irin wannan rawar allura takan zo kuma daga iskar da ke shiga ta mahaɗin tiyo da aka ɗaure da robar taya. Wurin ba ya ɗigar da ruwa, domin zuƙa ake yi ta nan ba turawa ba, shi ya sa ake wuce shi ba a lura ba. A injin kafet mai tanki, iska takan shiga duk lokacin da aka bari tankin ya ƙafe. Maganinta a cire bakin feshi, a bar ruwa ya gudana a buɗe cikin bokiti har ya daina tofi, sannan a mayar.

Sai maganar sabulu, wadda ta fi shafar injin kafet. An yi shi ne don ruwan sabulun da ba ya kumfa. Mu kuma garin omo muka sani, kuma gani muke in kumfa bai tashi ba wanki bai yi ba. Garin da bai narke ba yana taruwa a rariyar gindin tanki, ya daskare a cikin 'yan kafofin feshi idan an kwana ba a ɗauraye ba. Kumfan kuma yana haurawa ya shiga motar zuƙa ya ƙone ta. Masu zuba bilic don kafet ya yi haske su sani yana cin roba da tagulla, bayan launin shimfiɗar mutane da yake kashewa. Injin da ke da hita yana da ƙarin matsala: ruwa mai gishirin ƙasa yana barin farin dutse a cikin bututun, irin wanda ake gani a gindin butar shayi, har hanyar ta tsuke. Zagaya ruwan tsami na kanti, wato binega, a cikin injin lokaci-lokaci yana narkar da shi.

In ruwa ya wadata, sai a juya ga abin da ke juya famfon. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu wanki da dama sun koyi rage totur don mai ya daɗe. Niyyar mai kyau ce, lissafin ne bai fita ba. Rage juyi da kashi 10 cikin 100 yana zubar da kusan kashi 19 na ƙarfin feshi, aikin minti ashirin ya koma na rabin awa, man da aka ce ana tattali ya ƙone duk da haka. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, da fulogi mai baƙi, da kafireto mai datti, duk suna sa inji ya yi ƙara lafiya in ba kaya, amma ya durƙushe da zarar an danna kunama. Mai aiki da bel kuma ya duba ko ya saki. Ga masu injin lantarki, wutar da kamfanin AEDC yake rabawa a wannan yankin an tsara ta a kan bolt 230, kamar sauran Najeriya, amma abin da ke isa soket a ƙarshen doguwar siririyar waya da aka ja daga wani shago daban ne. Motar zuƙa ɗaya tana cin wat 1,000 ko fiye, hita kuma ta ninka haka. Janareton kunna fanka da talabijin ba zai ɗauke su ba. Akwai kuma tarkon kayan gwanjo: injin da aka yi wa Amurka na bolt 120 ne, kuma wutarsu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Taransifoma tana gyara bolt, ba ta gyara bugun. Wasu motocin ba ruwansu da wannan bambanci, amma masu bin bugun wuta za su yi juyi biyar a inda ya kamata su yi shida, matsin kuwa ya sauka da kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da komai ya lalace ba.

Geji, ga wanda ya iya karanta shi, yana rage wahala ƙwarai. Idan allura tana sama amma feshin ya raunana, toshewa ce a gaba: bakin feshi, ko rariyar cikin sandar feshi, ko mahaɗin tiyo da bai shiga ya zauna ba. Idan allura tana hawa in an saki kunama, ta faɗi warwas in an danna, to ruwan da famfo yake turawa bai kai abin da bakin yake zubarwa ba, sai a nemi dalili a mashiga ko a hujin da ya rarake. Sandar kafet mai baki biyu ko huɗu tana da nata sirrin. Lambar da ke jikin kowane baki, kamar 11002, tana nufin feshi mai buɗewar digiri 110 da girman huji lamba 02. Wanda ya cire lamba 01 ya sa 03 don ita ya samu a kasuwa ya ninka ƙofar sau uku, ƙaramin famfo kuwa ba zai cika ta ba. A injin wankin mota launi ne alama: ja, rawaya, kore da fari na feshi ne, baƙi kuma na sabulu ne, da gangan aka yi shi mai faɗi don ya kashe matsi. Ba sau ɗaya ba an tashi neman makanike alhali baƙin baki ne yaro ya manta a kan bindiga. Gejin kansa yakan yi ƙarya in ya tsufa, don haka a haɗa shaidarsa da ta ido.

Akwai wani noti mai sifirin a kan famfo, sau da yawa da baƙar hula ta roba, wanda yake mayar da ruwa baya idan an saki kunama. Shi ne abin da hannu yake fara kaiwa gare shi, kuma shi ne na fi jin tsoro. Gaskiya ne in datti ya maƙale a cikinsa ko mazauninsa ya cinye, yakan riƙa satar ruwa yana mayarwa baya ko ana cikin feshi, kuma wannan yana rage ƙarfi. Amma maganin a kwance shi a wanke, a sauya robarsa. Ɗaure shi tamau ba ya ƙara ko ɗigo ɗaya a kan abin da famfo yake turawa. Abin da yake yi shi ne toshe wa ruwa hanyar tsira, ta yadda duk sakin kunama sai matsi ya yi tsalle ya daki tiyo da robobi. Tiyon da ya fashe a kan bar 150 ba abin wasa ba ne. Kada kowa ya nemi inda yake tsiyaya da tafin hannu. Ruwa mai irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shige da datti cikin nama, bakin ciwon ya yi kamar ba komai, cikin kuwa ya rube. Wanda hakan ta same shi ya nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin ko asibiti mafi kusa a ranar, kada ya tsaya shafa man zafi.

Wata ɗabi'ar da ke kashe famfo a ɓoye ita ce barin inji yana aiki alhali an ajiye bindiga ana goga kafet da buroshi, ko ana ciniki da mai kaya. Ruwan da ke ciki yana ta zagaye a wuri ɗaya, cikin 'yan mintoci ya yi zafin da zai dafa robobi. In aka dawo aka danna kunama, ruwan sanyi ya daki fistin na tangaran da ya yi zafi, yana iya tsagewa. Tayar da inji da igiya yana da gajiya, na sani, amma ya fi sauƙi a kan sayen fistin.

Sai an wuce duk waɗannan ne ake da hujjar buɗe famfon, kuma ko a nan ba kasafai ake buƙatar sabo ba. Famfo mai fistin uku bawul shida gare shi, uku na shiga uku na fita. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin guda ɗaya ta isa ta kashe aikin fistin ɗaya, feshi ya riƙa zuwa yana yankewa. Ruwa na ɗiga tsakanin kan tagulla da gangar jikin famfo, alamar robobin matsi sun gaji. Man famfo ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga cikinsa, a sauya shi da robobin tun bai ci ƙarfe ba. A ƙananan famfunan injin kafet irin na Shurflo da Flojet, faifan roba ne yake motsi a madadin fistin, kuma shi da bawul ɗinsa ana sayar da su daban. Manyan masu ƙera famfo, irin Cat Pumps na Amurka da Interpump da Annovi Reverberi na Italiya, suna fitar da waɗannan kayan gyara a ƙunshe da lambar kowane samfuri. Matsalarmu ita ce yawancin abin da ke kasuwa ba shi da suna balle lamba, shi ya sa mai shago a Abuja ko Fantekar Kaduna ya fi son ya miƙo maka kan famfo sukutum. Mai sayen inji ya tambayi kayan gyaransa tun kafin ya biya. Mai zuwa neman roba kuma ya tafi da tsohuwar a aljihu.

Saura wata magana da masu sana'ar ba su cika son ji ba. Kafet ba ya buƙatar ƙarfin da suke nema. Bar 150 an yi shi ne don laka a ƙarƙashin mota. In aka kafa shi kusa da darduma yana warware gashinta, yana ɓanɓare gam ɗin da ke riƙe da bayanta, yana kuma tura datti can ƙasa maimakon ya fito da shi. Dardumar ulu ko mai bayan algarara tana iya tsukewa ko ta yi jirwaye in ta sha ruwa da yawa. Abin da ke tsabtace kafet shi ne a fara kakkaɓe busasshiyar ƙura, a ba sabulu lokaci ya jiƙa dattin, a goga, a ɗauraye sosai, sannan a fitar da ruwan. Wannan na ƙarshen shi ne inda aka fi gazawa. Kafet ɗin masallaci da aka wanke a watan Agusta, ruwan sama yana sauka kusan kullum, in ba a zuƙe shi da kyau ba zai kwana biyu a jiƙe, ranar Juma'a kuma jama'a su sa goshi a kan wari. Ba wanda zai tambayi bar nawa injin ya bayar.

Don haka shawarata ga mai wanki a Keffi, kafin ya hau motar Abuja neman kan famfo, ya sayi babbar matatar ruwa irin ta gida ya ɗaura tsakanin tanki da inji, ya ɗaga tankin sama ya rufe shi, ya bar ruwan rijiya ya kwana ya kwanta, ya kuma ajiye sabon bakin feshi guda a aljihun tebur don gwaji. Duka kuɗinsu bai kai na kan famfo ɗaya ba.